Auren ƴan uwanmu a jihar Niyu Yok: a karɓo takarda kafin a shafa fatiha



Duk wanda ke da ɗan uwa a Amurka ya san irin saƙon muryar nan da ke faɗowa cikin salula da tsakar dare, lokacin da can rana ba ta jima da faɗuwa ba. Innalillahi, wane ya rasu. Ya fita aikin taksi bai dawo ba, ko kuma ya kwanta asibiti kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Nan da nan ƴan Nijar mazauna Bronx da Harlem su haɗa kuɗi, a yi shawara ko can za a rufe shi ko a kawo gawa Yamai. A wannan fanni ba mu da abin cewa sai godiya, zumuncin mutanenmu na waje abin a yaba ne. Amma bayan an yi sadakar bakwai kowa ya koma bakin nemansa, akwai tambayar da ke jiran matar mamacin a banki, da ofishin inshora, da wurin mai gidan haya: ina takardar aurenku?

Sau da yawa amsar ita ce babu. An ɗaura aure a masallaci, limami ya yi addu'a, an biya sadaki, an raba goro da dabino, mutum ya fi ɗari sun shaida. Shekara goma suna tare, ƴaƴa uku. Amma a littafin hukumar jihar babu inda aka rubuta cewa wannan matar wancan ce. Ga takaba, ga marayu, ga kuɗin haya na tafe ƙarshen wata, kuma sai ta fara neman lauyan da zai tabbatar ma alƙali abin da duk unguwa ta sani.

Shi ya sa muka ce yau bari mu yi magana a kan lasisin aure a jihar Niyu Yok, inda ƴan uwanmu da yawa ke zaune. Ra'ayinmu a fili yake: duk ɗan Nijar da zai yi aure a can, ya karɓo wannan takarda kafin a taru a masallaci. Kuma duk uban da zai bada ɗiyarsa ga mazaunin can, ya tambayi maganar takarda kamar yadda yake tambayar asali da sana'a.

Bari mu fara da yadda abin yake, don wasu tsoron abin da ba su sani ba ne ke hana su.

A Amurka dokar aure ta jiha ce, kowace jiha cikin 50 da irin nata tsari. A Niyu Yok takardu biyu ne, kuma mutanenmu na yawan haɗa su wuri guda. Ta farko ita ce lasisin aure, wato izinin hukuma na a ɗaura. Ta biyu ita ce takardar shaidar aure, wadda ke fitowa bayan an ɗaura an maida lasisin ofis da sa hannun kowa. Wanda ya karɓi ta farko ya ajiye cikin akwati bai yi aure ba tukuna a idon hukuma.

Cikin birnin Niyu Yok, ofishin magatakardan birni ne ke bada lasisin, kuma yana da reshe a duk gundumomin birnin biyar: Manhattan, Bronx, Brooklyn, Queens da Staten Island. Na Bronx yana kan titin Grand Concourse. Na Manhattan yana titin Worth, lamba 141. Tun zamanin korona, a 2020, aka buɗe hanyar intanet mai suna Project Cupid, inda ake cika takarda a ɗauki ranar zuwa. Kuɗin lasisi a cikin birni dala 35 ne, a sauran garuruwan jihar kuma dala 40. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta nan ba, kada wani ya ce abin ya yi araha da yawa. Idan aka juya zuwa sefa bai wuce jika ashirin da ƴan kai ba. Ku gaya mana, a cikin kayan akwatin amarya, atamfa nawa ce ba ta kai wannan kuɗi ba?

Ango da amarya dole su bayyana su biyu da kansu. Ba a aika wakili, ba a aika aboki, ko ƙanen uba ba ya karɓar ma mutum. Kowa ya zo da takardar shaida mai hoto wadda ba ta mutu ba. Fasfon Nijar ya isa, haka lasisin tuƙi, ko katin IDNYC da birnin ke bayarwa tun 2015 ga duk mazauninsa. Ba a gwajin jini. Ba a ce sai ɗan ƙasa ba, ba a ce sai mazaunin jihar ba. Za a tambayi kowa ko ya taɓa aure, da yadda auren ya ƙare, mutuwa ko saki, da yaushe, da ina. Wanda takardunsa na Faransanci ne ya tanadi fassararsu zuwa Ingilishi daga mai fassara da hukuma ta yarda da shi, don ana iya nema. A cikin takardar akwai wurin canza sunan dangi, amma ba dole ba ne. Matar da ke son ci gaba da amsa sunan mahaifinta, kamar yadda muka gada, babu mai tilasta mata.

Shekaru kuwa 18 ne, mace da namiji. Tun 2021 jihar ta rufe ƙofar auren wanda bai kai 18 ba gaba ɗaya, ko iyaye sun yarda, ko alƙali ya yarda. Wannan a riƙe shi da kyau, don ya bambanta da abin da aka saba gani a gida.

Bayan an karɓi lasisi sai a jira awa 24 kafin a ɗaura, sai dai in alƙali ya ɗage wannan jira saboda wani uzuri. Daga nan lasisin na da rai na kwana 60. Idan suka wuce ba a ɗaura ba, ya mutu, sai a sake biya a karɓi sabo. Kuma a cikin jihar Niyu Yok kaɗai yake aiki. Wanda ya karɓa a Bronx ya tsallaka kogi ya ɗaura aure a masallacin Newark, ya shiga jihar New Jersey, wadda ke da nata lasisi da jiran awa 72. Ƴan uwanmu na Greensboro kuma dokar North Carolina ce ke kansu, can dala 60 ne kuma ba a jira. Don haka kada wani ya ɗauki labarin abokinsa na wata jiha ya yi aiki da shi.

To wa ke ɗaurawa? Nan ne abin ya zo mana da sauƙi, kuma nan ne mutane da yawa ba su sani ba. Dokar jihar ta yarda malamin addini ya ɗaura aure, limami na cikinsu, daidai da fada da malamin Yahudawa. Sharaɗin shi ne, in cikin birnin Niyu Yok za a yi, limamin ya kasance ya yi rajista a ofishin magatakarda. Ranar ɗaurin aure sai a miƙa masa lasisin, ya ɗaura kamar yadda addini ya tanada, da waliyyi da sadaki da shaidu, sannan ango da amarya su furta yardarsu a gabansa, su sa hannu, shi ma ya sa, da shaida aƙalla guda. Cikin kwana biyar ya maida takardar ofis. Bayan ƴan makonni takardar shaidar aure ta iso ta gidan waya. Ke nan zama guda ya wadatar, an yi na Allah an yi na hukuma. Wanda limaminsa ba shi da rajista yana iya zuwa ofishin magatakarda a yi masa na hukuma a kan dala 25, cikin mintoci kaɗan, sannan a wuce masallaci. Tun 2023 ma an fito da izinin kwana guda, wanda babban mutum zai nema don ya jagoranci aure ɗaya tak.

Abin da ke ciki ke nan. Bai kai wahalar neman biza ba, bai kai wahalar jarrabawar lasisin taksi ba. To me ke hana mutanenmu?

Dalili na farko da muke ji shi ne tsoro. Wanda takardun zamansa ba su cika ba yana ganin duk ofishin gwamnati tarko ne. Ba mu raina wannan tsoro ba, musamman yanzu da maganar baƙi ta yi zafi a Amurka. Amma a san cewa ofishin magatakarda na birni ne, aikinsa aure, kuma takardar zama ba ta cikin sharuɗɗan lasisi. Wanda ke da shari'a a gaban hukumar shige da fice, ko zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ga lauya kafin ya je. Akwai ƙungiyoyin da ke ba baƙi shawarar lauya kyauta a birnin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauki fatawar doka daga hirar masu jiran fasinja a filin jirgi.

Dalili na biyu, wasu na cewa ai auren Nasara ne, mu namu ya ɗauru tun da an shafa fatiha. Gaskiya ne aure ya ɗauru a wurin Allah da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, babu mai musun wannan, kuma takarda ba ta maye gurbin ko ɗaya daga ciki. Amma rubuta alƙawari ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In an ce a rubuta bashin buhun hatsi, ina ga amanar ɗiyar mutane? A Masar akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, rubuta aure. A Maroko adulai biyu ke rubutawa. A Saudiyya ma sai da takarda. Me ya sa ake neman shaidu tun farko? Don ranar da aka yi gardama a samu mai cewa na gani. Shaidunmu na masallaci mutane ne, wani zai koma gida, wani zai ƙaura Ohio, wani zai rasu, limamin kansa yana iya barin ƙasar. Takarda shaida ce da ba ta tafiya ko'ina, kuma ita ce alƙalin can ke jin harshenta.

Dalili na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, sai a zauren maza: in ka yi takarda, ranar da kuka rabu mace za ta kwashe rabin dukiyarka. Bari mu duba wannan da idon basira. Gaskiya ne auren da hukuma ta sani kotu kaɗai ke raba shi. Sakin da miji ya furta a ɗaki ya raba su a addini, amma a littafin jiha suna nan mata da miji har sai alƙali ya sa hannu. Gaskiya ne kuma kotu na raba dukiyar da aka tara cikin zaman aure. Sai dai dokar Niyu Yok ba ta ce rabi da rabi dole ba, cewa ta yi a raba bisa adalci, a duba tsawon zaman da gudunmawar kowa. Abin da mutum ya mallaka kafin aure, da gadon da ya ci, nasa ne. Kuma doka ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya tun kafin aure a kan dukiya, su sa hannu a gaban mai hatimin hukuma, har sadakin da aka jinkirta ana iya sa shi ciki.

Wanda ke gudun takarda don kada ya biya kuɗin yara kuwa, ya yi gudun banza. Ciyar da ƴaƴa a jihar bai rataya a kan aure ba. Da takarda ko babu, in an rabu, uban da yara ba sa hannunsa zai biya kashi 17 cikin ɗari na abin da yake samu in ɗa guda ne, kashi 25 in biyu ne, kashi 29 in uku ne, har yaro ya kai shekara 21. To me aka tsira da shi? Abin da aka tsira da shi kawai shi ne haƙƙin matar. Ita da ta yi shekara goma tana tsaye daga safe zuwa dare tana kitso a shagon titi na 125, tana biyan rabin haya, tana aika ma uwar miji kuɗin azumi, aka gina gida a Maraɗi da sunansa shi kaɗai. In wannan ne dalilin ƙin takarda, to a kira shi da sunansa, kada a lulluɓe shi da rigar addini.

Kuma ga wani abu da masu wannan dabara ba su sani ba. Dokar jihar ta ce rashin lasisi shi kaɗai ba ya ɓata auren manya in malamin addini ya ɗaura shi yadda ya kamata. An sha kai irin wannan ƙara, wani lokaci kotu ta ce aure ya ɗauru, wani lokaci ta ce bai ɗauru ba, gwargwadon hujjar da aka kawo. Ke nan mai cewa ni na masallaci kawai na yi, hukuma ba ta san da ni ba, yana iya wayar gari alƙali ya ce masa kai mai aure ne. Ita ma matar tana iya cin nasara, amma bayan wata da watanni, da kuɗin lauya da ya ninka dala 35 sau ɗari ko fiye. Ga shi kuma a al'adarmu amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, waliyyinta ke magana, abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai kama ya yi ta ja da shi. Zama shekara da shekaru a ɗaki guda kuwa ba ya zama aure a Niyu Yok, tun 1933 jihar ta soke wannan. Malamanmu ma su sani, dokar ta ɗauki ɗaura aure ba tare da an gabatar da lasisi ba a matsayin laifi a kan mai ɗaurawa, da tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Limaman da ke cewa sai an kawo takarda kafin su zauna, ba tsaurin kai ba ne, kansu da jama'arsu suke karewa.

Mu koma kan matar da muka fara da ita. Da takarda a hannunta, in mijin bai bar wasiyya ba kuma ya bar ƴaƴa, doka na ba ta dala 50,000 na farko da rabin abin da ya saura, sauran na ƴaƴa. In ya yi aiki yana biyan harajin fansho na gwamnatin tarayya, tana iya samun kuɗin wata a matsayin matar mamaci mai renon yaro ƙasa da shekara 16. In a bakin aiki ya rasu, tana cikin na gaba a diyya. A asibiti, lokacin da ba ya iya magana, tana sahun farko na masu yanke shawara. Babu takarda kuwa, kowace ƙofa sai ta tsaya ta yi bayani, wata a buɗe, wata a rufe. Dukiyar na iya tafiya ga yara kaɗai, su ma sai an tabbatar shi ne ubansu a hukumance, kuma kuɗin yara ƙanana kotu ke sa ido a kansu, uwa ba ta taɓawa sai da izinin alƙali.

Mun san wani zai ce wannan rabo ya saɓa ma rabon gado na Musulunci, inda mata ke da tumuni in akwai ƴaƴa, iyaye kuma na da nasu kaso. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba mu wuce ta da wasa ba. Maganinta wasiyya ce a rubuce, wadda lauya da malami suka duba tare. A sani dai, ko da wasiyya, doka ta ba mata damar neman sulusin dukiya ko dala 50,000, wanda ya fi yawa, sai in ita da kanta ta yafe a rubuce. To a zauna da ita a yi maganar tun ana raye, da yardarta. Wanda ya ƙi takarda kuma bai bar wasiyya ba, ai bai samu rabon Musuluncin ba, dokar jiha ce dai za ta raba, kuma tsohuwarsa da ke Tawa ba za ta samu ko tamma ba muddin akwai ƴaƴa.

Saura magana mafi wuya, maganar mace ta biyu. A gida halal ce, dokar ƙasa ma ta san da ita. A Niyu Yok babban laifi ne mai aure ya ƙara aure, hukuncinsa na iya kai shekara huɗu a gidan kaso. Auren da aka ɗaura a Damagaram bisa ƙa'idar Nijar, Amurka na ɗaukarsa aure. Don haka mai mata a gida ba shi da damar karɓar lasisi da wata a Bronx, in kuma ya rantse a takarda cewa bai taɓa aure ba, ya ƙara laifi a kan laifi. Dokar shige da fice ma na hana mai zama da mace fiye da ɗaya shiga ƙasar da zama ɗan ƙasa. Masu dogon zama a can na tuna gobarar Bronx ta watan Maris na 2007, wadda ta ci rayuka goma na iyalan ƴan uwanmu ƴan Mali, tara daga ciki yara. Bayan makoki, jaridun birnin sun juya kan maganar auren mace fiye da ɗaya tsakanin ƴan Afirka ta Yamma, kowa ya shiga ɗari-ɗari. Mu ba mu zo yin fatawa a kan ƙarin aure ba. Abin da muke cewa shi ne a faɗi gaskiya. Macen da za ta shiga a matsayin ta biyu a can ta sani tun kafin a kai goro cewa ba za ta taɓa samun takarda ba muddin ta farko na nan, ba ta da gadon mata a kotu, kuma mijin ba zai iya nema mata katin zama ba. In ta ji ta yarda, ita ta sani. Amma a ɓoye mata, a ce za a yi takarda in an kwana biyu, wannan yaudara ce, kuma waliyyin da bai bincika ba yana da nasa kason alhaki.

Sai mu a nan gida. Sau nawa muka halarci ɗaurin aure a ƙofar gida a Maraɗi ko Tasawa, amarya na cikin ɗaki, ango na Amurka yana kallo ta bidiyon salula, wansa ya karɓa masa? Aure ya ɗauru, babu shakka. Amma dokar shige da fice ta Amurka ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura ma'aurata ba sa wuri guda, sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Ke nan kafin ya fara cika takardun ɗaukar ta, sai ya zo gida, ko su haɗu a wata ƙasa, kuma ya adana tikitin jirgi da tambarin fasfo da hotuna. Sannan za a nemi takardar aure daga ma'aikatar magajin gari. In ba a yi rajista a kan lokaci ba sai an bi ta kotu, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. Angon da shi kansa ba shi da takardar da zai fita ya koma, a tambaye shi a gaban manya: yaushe za ka zo, kuma da wace hanya za ka ɗauke ta? Mun ga ƴan mata da suka shekara biyar, shida, suna amsa sunan matar ɗan Amurka, ba su ga miji ba sai a allon salula. Ba su da aure, ba su da zawarci.

Kuma don Allah a yi nesa da auren takarda na ƙarya, wanda ake biyan wata ƴar ƙasa don a samu katin zama. Hukuncinsa na kai shekara biyar a kurkuku da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama da shi an rufe masa ƙofar samun zama ta hanyar aure ko da daga baya ya yi na gaskiya. Irin wannan ne ke sa ana yi ma masu auren gaskiya tambayoyin ƙure a ofis.

To ga roƙonmu. Ku iyaye, in mai neman ɗiyarku mazaunin Niyu Yok ne, ku tambaye shi ko yana da wata matar, a nan ko a can, kuma ko zai yi lasisi kafin fatiha. Tambayar ba rashin kunya ba ce, wanda ke da niyyar alheri ba zai ji haushi ba. Ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin ƴan Nijar a can, ku sa wannan cikin abin da kuke faɗa ma sababbin zuwa, tare da inda ake samun ɗaki da inda ake samun aiki. Limamin da bai yi rajista ba ya je ya yi. Ku ƴan uwa mata, in an riga an ɗaura shekarun baya babu takarda, ƙofa ba ta rufe ba. Ku da maigida ku ɗauki rana, ku karɓo lasisi, a sa hannu. Ku karɓi kofi biyu ko uku na takardar shaidar, ɗaya a aiko gida, kuma a tuntuɓi ofishin jakadancin Nijar da ke Washington a kan shigar da auren cikin rajistar ƙasarmu, don ranar da za a nema ma yara takardun Nijar.

Ku kuma magidanta, ƴan uwanmu masu fita tun asuba cikin sanyin da ke fasa leɓe, mun san don iyali kuke wannan wahala. Babu wanda ya san ranarsa. Kuna biyan inshorar mota kowane wata don hatsarin da ba ku fatan ya zo. Rabin yini guda da dala 35 ba su fi ƙarfinku ba, don kada uwar ƴaƴanku ta tsaya gaban baƙo da hawaye tana rantsuwa cewa ita matarku ce.

Mu ma na gida kada mu karanta mu ce wannan matsalar ƴan Amurka ce. Aure nawa aka ɗaura a unguwarmu bana, kuma nawa aka kai ma'aikatar magajin gari? Ranar da ma'aikaci ya rasu aka je neman fansho, ko aka tashi rabon fili, tambayar nan ce dai ke jiran matarsa a Yamai kamar yadda take jiran ta Bronx.

Wanda ke da ɗa ko ƙane ko ɗiya a can, ya tura masa wannan rubutu. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare bayin Allah da ke nema a ƙasar mutane. Amin.